Murar Tsuntsaye da Haƙƙin Talaka na Sanin Gaskiya: Daga Gonar Sambawa zuwa Akurkin Ɗankaza

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda hukumomin Nijeriya suka tunkari murar tsuntsaye, tun daga ɓullarta a 2006 zuwa wadda aka gani a Kano a farkon 2025, tare da waiwayen marisuwa, watau annobar murar 1918, da mace-macen Kano na 2020. An ɗauki mazaɓar Ɗankaza ta ƙaramar hukumar Wudil a matsayin ma'auni. Matsayar maƙalar ita ce, gaskiyar hukuma a lokacin annoba ba ta tsaya ga rahoton da ta aika wa ƙungiyoyin duniya ba. Ana gane ta ne daga abin da mai kaji goma ta sani: alamun cutar, wanda za ta kai wa ƙara, diyyar da za a ba ta, da ranar da kuɗin zai shigo hannunta.

Gabatarwa



Idan ana maganar yadda gwamnati ke bayyana gaskiya a lokacin annoba, hankalinmu kan tafi ga minista yana jawabi a Abuja, ko alƙaluman da ake aika wa hukumomin lafiya na duniya a Jeniba da Paris. Wannan ɓangare yana da muhimmanci, kuma zan nuna cewa Nijeriya ta taɓuka abin kirki a cikinsa. Amma ƙwayar murar tsuntsaye, H5N1, ba a ɗakin taron manema labarai take yaɗuwa ba. A akurki take yaɗuwa, da cikin kejin da aka ɗaure bayan babur, da bakin tukunyar masu figa. Wanda ke fara ganinta ba likita ba ne, matar gida ce ko yaron da ke share gonar kaji. Duk tsarin sa ido na ƙasa ya rataya ne a kan ko waɗannan mutane za su buɗe baki. Su kuwa ba za su faɗa wa hukuma gaskiya ba sai sun ga hukuma na faɗa musu.

Shi ya sa na zaɓi Ɗankaza. Ɗaya ce daga mazaɓu 10 na Wudil, yankin noma da ƙaramin kiwo, kuma abin da ake kiwatawa a irin waɗannan garuruwa yakan ƙare ne a kasuwar Juma'a ta Wudil, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Duk bayanin da ya isa Ɗankaza cikakke, ya isa inda ake bukata.

Tsohon tabo

Marisuwa ta shigo Legas ranar 14 ga Satumba 1918 ta jirgin ruwan da ake kira Bida, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake ta hauro Arewa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 cikin miliyan 18 na mutanen ƙasar. An ƙirga gawarwaki iya yadda aka iya, amma da Ingilishi aka rubuta lissafin, domin ofishin mulkin mallaka na Ingila. Waɗanda suka binne 'yan uwansu ba su aka rubuta wa ba. Wannan ɗabi'a ta tura labari sama a bar na ƙasa cikin duhu ita muka gada.

A kan wannan aka ƙara gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, sannan dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa Yulin 2004. Watau lokacin da murar tsuntsaye ta iso, shekara biyu ba ta cika ba da rufe waccan taƙaddama. Jami'in da ya shiga ƙauye da farar riga da takunkumi ya ce zai kashe kaji, ya tarar da mutanen da ke da dalilin yin ɗari-ɗari da shi.

2006: mako huɗu na shiru, sannan naira 250

Kaji sun fara mutuwa a gonar Sambawa da ke Jaji, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, wajen 10 ga Janairu 2006. Tsuntsaye kimanin 40,000 suka salwanta a wannan gona kaɗai. Samfuri ya bi ta Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, daga can aka tura shi ɗakin gwajin Padova a Italiya, sai ranar 8 ga Fabrairu aka bayyana cewa H5N1 ce. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin gona a nahiyar Afirka.

Ya kamata a yi wa gwamnatin Obasanjo adalci a nan. Da sakamako ya fito ba ta danne shi ba. An faɗi sunan gonar, alhali ta ministan wasanni ce mai ci a lokacin. Ministan gona Adamu Bello ya fito ya yi bayani, aka kafa cibiyar kula da lamarin wadda ta haɗa ma'aikatun gona da lafiya da yaɗa labarai. Da wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas a Janairun 2007, ministan yaɗa labarai Frank Nweke ne ya sanar cewa gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a farkon Fabrairu. Kwatanta wannan da abin da ya faru a Sin a 2003, inda aka yi ta rage yawan masu cutar SARS har sai da asiri ya tonu aka tuɓe ministan lafiya da magajin garin Beijing ranar 20 ga Afrilu. Ta fuskar duniya, Nijeriya ta fita kunya.

Matsalar tana cikin makonni huɗun da ke tsakanin mutuwar farko da sanarwa. A cikinsu kaji na ta zubewa a gonakin Kano, ana ta danganta abin da kwalarar kaji ko cutar Niyukasil, wadda masu kiwo suka saba gani duk hunturu. Kuskuren gane cuta a farkon annoba ba abin mamaki ba ne, domin alamun sun yi kama. Abin da ban yafe ba shi ne rashin cewa: "Muna zargin wata muguwar cuta, ba mu tabbatar ba tukuna, kada a sayar da kazar da ba ta da lafiya." Hukuma ta jira tabbas kafin ta yi magana, masu gona kuwa ba su jira ba. Suka kwashe abin da ya rage suka kai kasuwa a karyayyen farashi, talakan da ya daɗe bai ci kaza ba ya saya da murna. Kafin ƙarshen Fabrairu an tabbatar da cutar a Magarya ta jihar Damagaram a Nijar.

Sai batun diyya, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Gwamnati ta yanke naira 250 kan kowace kaza, 1,000 kan agwagwa, 2,500 kan talo-talo, 20,000 kan jimina. Kuɗin kazar bai kai abin da take yi a kasuwa ba, balle mai yin ƙwai da aka ɗauki watanni ana ciyarwa. Kuma tsuntsayen da jami'ai suka kashe da hannunsu ake biya, ban da waɗanda suka mutu kafin su iso. A takarda wannan sharaɗi na da hikima, don ya sa mutum ya gaggauta kai rahoto. Amma H5N1 kan share ɗakin kaji cikin 'yan kwanaki. Idan ka kai rahoto ran Litinin, jami'ai ba su sami mota da mai ba sai Alhamis, kai ne za ka biya kuɗin jinkirinsu. Maƙwabcinka da ya yi shiru ya kai nasa kasuwa ya fi ka samu. Kowa ya ga wannan lissafi, kowa kuma ya iya shi.

Daga baya, da rancen dala miliyan 50 na Bankin Duniya, aka ɗaga diyyar ta kusanci farashin kasuwa, aka ƙarfafa Vom yadda za ta riƙa tabbatar da cutar a gida, aka naɗa jami'an sa ido a jihohi da ƙananan hukumomi. Zuwa 2008 cutar ta taɓa jihohi 25 da Abuja, an yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan 1, sannan ta lafa. Wannan lafawa ta biyo bayan gyaran diyya ne, ba bayan ƙara yawan jawabai ba.

Akwai wani abu kuma da binciken kimiyya ya yi ƙarin haske a kai. A farko an yi ta zargi, wasu na cewa tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai zuwa fadamun Haɗeja da Nguru ne suka kawo ta, wasu na cewa 'yan tsakin da aka shigo da su ta bayan fage ne. Nazarin ƙwayoyin halittar cutar da masaniya Ducatez da abokan aikinta suka buga a mujallar Nature a 2006 ya nuna ba sau ɗaya ta shigo ƙasar ba, ta hanyoyi daban-daban ta shigo. Irin wannan bayani yana kashe jita-jita, amma a mujallar Turai ya tsaya.

Yadda abin yake daga Ɗankaza

A gidan ƙauye kaza ta mace ce. Ita ce asusunta: ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi, ko zubin adashi ya zo, ko za a yi wa baƙo girki, akurki ake dubawa. Idan kaza ta fara sanyi, ta sauke fukafukai, ta daina kiwo, za a jiƙa mata barkono ko a fasa kafso a ruwan shanta. Idan aka ga ba za ta tashi ba, sai a kira maigida ko wani yaro ya yanka ta maza kafin ta zama mushe. Wannan ba ganganci ba ne, tattali ne da kiyaye halal. Amma a nan haɗarin yake. Dahuwa sosai tana kashe ƙwayar cutar, zafin da ya kai digiri 70 ya isa. Mai yanka da mai figa da mai fiɗe ciki su ne ke shaƙar ƙurar gashin, su taɓa jini da kashi, kuma galibi mata ne da yara. Sanarwar da ta ce wa mutane kawai "a dafa kaza da kyau" ta kare mai ci, ta bar mai gyarawa.

Ranar Juma'a kuma a leƙa layin 'yan kaji a Wudil. Kejuna na sauka daga babura, daga ƙauyuka daban-daban, kaji da zabi da agwagi da tantabaru kusa da juna. Dillali zai ɗaga kaza ta fukafukai, ya taɓa ƙirjinta ya ji nauyi, ya ajiye ya ɗauki ta wani. A gefe masu figa na tsomawa a ruwan zafi ɗaya, gashi na tashi. Da yamma wadda ba ta sami ciniki ba ta koma gida ta kwana cikin 'yan uwanta. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya ƙalau. Ga buhunan kashin kaji da masu lambu ke saye daga manyan gonaki don taki, ga kiret ɗin ƙwai na kwali da ke yawo daga gona zuwa gona. Duk wanda ya tsaya a wannan layi rabin sa'a ya fahimci yadda cutar ke tafiya fiye da wanda ya karanta takardar gargaɗi.

To, me matar da ke Ɗankaza take bukatar ji? Cewa mutuwar kaji da yawa farat ɗaya, da kumburin kai, da zanko ya yi baƙi-baƙi, da jini-jini a ƙafafu, ba sanyin hunturu ba ne da aka saba. Cewa kada a yanka, kada a jefar a juji inda kare da yara za su ɗauka, a haƙa rami mai zurfi a binne. Sai kuma tambayoyin da ba a cika amsa mata ba: wa zan faɗa wa? In na faɗa za a kashe har masu lafiyar? Da na maƙwabta? Nawa za a ba ni, kuma ni da ba ni da rajistar gona ina cikin lissafi? Tambayar maƙwabta ba ƙarama ba ce. A ƙauye babu mai son a ce shi ya jawo aka kashe kajin unguwa, musamman idan diyya ba ta zo ba.

2015 zuwa 2025

Cutar ta dawo a Janairun 2015, Kano da Legas ne aka fara tabbatarwa. A wannan karo Vom ta ba da sakamako da wuri, ministan gona Akinwumi Adesina ya riƙa faɗin jihohin da abin ya shafa da yawan tsuntsayen, ya kuma sanar da diyyar naira 1,450 kan kowace kaza. An koyi darasin 2006 wajen saurin magana da ƙimar kuɗi. Amma biyan ya ja ƙafa, aka sauya gwamnati a watan Mayu, Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya ta yi ta koke-koken bashin diyya har shekarun da suka biyo baya, yayin da asara ta haura tsuntsaye miliyan 3. Alkawarin da aka yi a bainar jama'a ba a cika ba ya fi rashin alkawari ɓarna, domin wanda aka yi wa shi zai ba da labari a majalisa shekara goma.

Mace-macen Kano na Afrilun 2020 ba na mura ba ne, amma ba za a tsallake su ba. Masu haƙan kabari ne suka fara faɗin cewa gawarwaki sun yi yawa, ba hukuma ba. Gwamnatin jiha ta danganta abin da hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, a daidai lokacin da cibiyar gwaji ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta tsaya da aiki na wasu kwanaki. Shugaba Buhari ya sa dokar kulle ranar 27 ga Afrilu. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. A waɗannan makonni mutane sun ci gaba da cika gidajen gaisuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da an ce "ba mu gama bincike ba, amma ku ɗauka ita ce", da wasu dattawanmu sun zauna a gida.

Akwai alamun sauyi. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa ta bayyana da kanta cewa an ga ƙwayar murar tsuntsaye a samfurin wasu masu aikin kaji a Kano da Filato. A Janairun 2025 kuma hukumomin Kano suka ba da labarin wani matashi a ƙaramar hukumar Gwale da ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa da kajinsa, 35 cikin 50 suka mutu, ya kai asibitin dabbobi aka gano cutar. Wannan sanarwa ta burge ni. Ta faɗi kasuwa, ta faɗi irin tsuntsun, ta faɗi yadda abin ya faru, duk mai kaji ya ji ya ga kansa a ciki. Kuma wannan matashi ya yi wa jihar nan hidima. Abin da ya kamata a biyo da shi a fili shi ne yadda aka share masa hawaye, don na gaba ya yi koyi.

Doka da abin da ya rage

Ba dokoki muka rasa ba. Ƙa'idojin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda suka fara aiki ranar 15 ga Yuni 2007, sun wajabta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'o'i 24 bayan an tantance lamari, haka ma Ƙungiyar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ɗora irin wannan wa'adi. A gida muna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, da dokar 2018 da ta tsayar da hukumar daƙile cututtuka da ƙafafunta, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Sai dai wa'adin sa'o'i 24 na Jeniba da Paris ne. Babu wa'adin da aka ɗora wa kowa na sanar da dagacin Ɗankaza. Dokar 2011 kuma tana amfanar wanda ya iya rubuta wasiƙar neman bayani ya bi sawunta, ɗan jarida ko lauya.

Ina ganin a fara daga nan: ranar da aka aika rahoto waje, a ranar a sanar da hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarkin kasuwa da shugaban 'yan kaji na duk kasuwar da ke da alaƙa da wurin, kuma tun a matakin zargi, ba sai sakamako ya fito ba. A faɗa da Hausa a gidajen rediyon Kano, a ba limamai su faɗa ranar Juma'a. Malamanmu ba za su rasa hujja ba: Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham ne saboda kwamandojinsa sun tarye shi sun gaya masa gaskiyar annobar da ke gaba. Su ne kuma za su iya gamsar da uwargida cewa binne kazar da ake zargi ba almubazzaranci ba ne.

Diyya kuwa a fitar da jadawalinta kafin annoba, a riƙa sabunta shi da farashin kasuwa, a manna a sashen gona na sakatariyar Wudil da layin 'yan kaji. A fara lissafi daga ranar da mutum ya kai rahoto, ba ranar da jami'i ya iso ba. A sa masu kiwon gida a ciki da shaidar mai unguwa, tunda ba su da rajista, kuma kuɗin ya shiga hannun matar da ta mallaki kajin. Bayan an biya, a karanta sunayen garuruwa da adadin da aka biya a rediyo, yadda wanda aka tsallake zai san an tsallake shi. Tunda manufar Nijeriya har yanzu kashewa da binnewa ce, ba rigakafi ba, to gwamnati ce ta zaɓi hanyar da ke cin dukiyar talaka domin kare kowa, kuma wajibinta ne ta ware kuɗin a kasafin kowace shekara, ta faɗi nawa ne.

A nan Wudil muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, mai tsangayar aikin gona. Ɗalibanta za su iya zama a layin 'yan kaji kowace Juma'a daga Disamba zuwa Maris, lokacin da cutar ta fi tashi, suna rubuta daga wane gari aka kawo tsuntsaye da inda aka ji labarin mutuwa, su miƙa wa likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, a kuma maido wa 'yan kasuwar abin da aka gano a Juma'ar da ke biye.